Shekarar da Na Ajiye Shanun Mutane a Odinatar

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ina da ƴar rumfa a bakin kasuwar Agadas, jingine da shagon wani tela. Sana'ata zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a katin salula. Kayan aikina ba su da yawa: tebur, benci, da wani tsohon odinatar, wato kwamfuta, da yayana ya aiko mini daga Arlit bayan an sake sababbi a wurin aikinsu. Kuran, wato wutar lantarki, daga shagon telan nake jawowa da wata doguwar waya da ke bi ta taga. In an ɗauke wuta, shi kekensa na ƙafa ne, sai ya ci gaba da ɗinki, ni kuwa in hura gawayi in ɗora shayi.

Diskin da ke cikin injin, wato rumbun da yake tara duk abin da aka zuba masa, giga tamanin ne. Yaran yanzu in sun ji haka dariya suke yi. Ni kuwa a lokacin gani nake ba zan taɓa cika shi ba. A wani biro, wato ofishin buga takardu, na fara koyon odinatar, zamanin disket, wani ɗan faifai mai faɗin cuku wanda wasiƙu kaɗan ke cika shi, hoto guda mai kyau ma yakan ƙi shiga. Wanda ya taso a kan wannan, in aka ba shi giga tamanin, ji yake an ba shi filin hamadar Tenere. Na zuba gitar Abzinawa, waƙoƙin biki, wa'azi, karatun Alƙur'ani, kokawa, finafinan Kano da na Indiya, kuma har yanzu da sauran wuri. Katunan da mutane ke kawo mini ƙanana ne. Mai giga ɗaya yana zaɓen waƙa yana tunani, mai giga biyu kuwa sai ya harɗe ƙafa a kan benci ya ce in zuba masa duk abin da na ga dama.

Ranar juyin mulkin, da rana muka ji rediyo ta daina magana ta koma kiɗan soja. Mutane suka taru a shagon telan ana ta sauraro, kowa na faɗin nasa. Washegari kasuwa ta buɗe kamar kullum. Mu a arewa abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne daminar da ta wuce, wadda ba ta yi ba. Tun kafin zafi ya kama sosai ciyawa ta ƙare a daji, hatsi ya hau, dusa ta zama abin nema. Makiyaya suka fara shigowa gari da dabbobin da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa daga nesa, suna sayarwa yadda aka taya. Wasu ba su iso da komai ba sai sanda da buta.

Cikin waɗannan kwanaki ne wata tsohuwar Bafillata ta zo rumfata. Na san ta tun ina ƙarami, ita ke kawo wa mahaifiyata nono da man shanu daga rugarsu da ke kan hanyar Ingal, mu duka a gidan Inna muke ce mata. Ban taɓa ganinta ba ƙwarya a ka ba sai ranar. Ta zauna a bakin benci muka gaisa, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi matata da jaririyar da muka samu, ta tambayi zafi da kasuwa. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta. Wani ɗan kati ne a ciki, naɗe a leda.

Ta ce, "Ɗana, an ce mini kai ne mai sauke abin da ke cikin wannan."

Na ce, "Ni ne, Inna. Waƙa za a sa miki?"

"A'a. Na yarona ne. Libiya za shi neman aiki, da salularsa zai tafi. Ya ce cikin abin ya cika, sai an zubar da na ciki kafin a sa masa karatun da zai ji a hanya. Na ce kada ya zubar tukuna. Shanunmu ne a ciki."

Na sa katin a inji na buɗe. Bidiyo ne gajeru da hotuna, irin na salular wancan lokaci, dishi-dishi, hannun mai ɗauka na rawa. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙahoni, wasu a bakin rijiya, wasu cikin ciyawa kore har gwiwa, daga daminar da ta gabaci fari. Na juya mata fuskar injin. Ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya: wannan uwar waccan ce, wannan ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita, wannan mai karyayyen ƙahon da ita aka kawo ta gidan miji tana maraƙa, ta haifi rabin garken.

Ba a tambayar Bafillace yawan shanunsa, don haka ban tambayi nawa suka rage ba. Ita da kanta ta ce, "Duk waɗannan sun tafi. Sai ƴar maraƙar can da ke bayan uwarta, tana kudu wajen ƴan'uwa, in Allah ya raya ta."

Na tuna da mijinta, na ce, "Baffa fa? Yana tare da ita a can?"

Ta ja mayafinta ta gyara. "A hanyar kudun Allah ya karɓi abinsa. Da su ya tafi neman ciyawa."

Na yi mata ta'aziyya, telan ma ya tsayar da keke ya leƙo ya yi mata. Ta amsa mana a hankali, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan mijin nata ba, ta mayar da ido kan shanun. Na buɗe mata dosiye, wato ɗan ɗaki a cikin injin, na sa sunanta, na kwashe komai na zuba a ciki. Na nuna mata cewa ga su nan sun shiga, sannan na share katin na cika shi da karatu.

Ta ce, "Yanzu in na zo, zan same su?"

"Duk ranar da kika zo, Inna, in dai akwai kuran."

Ba ta koma ruga ba, don babu abin komawa. A bayan gari ta zauna wajen wata ƙanwarta, tana yi wa matan unguwa kitso da surfe. Duk sanda ta shigo kasuwa sai ta biyo ta rumfata. Ba ta cewa in buɗe mata, sai ta gaishe ni ta zauna tana kallon masu wucewa, har in sallami wanda ke gabana. Saboda hayaniyar kasuwa nakan ba ta ekutar ta sa a kunne a ƙarƙashin mayafi. Takan kalle su daga na farko har na ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya, in sun ƙare ta cire ta miƙo mini, ta sa albarka ta tafi.

Ban san ko ita ta baza labarin ba, ko waɗanda suke ganinta zaune ne. Kafin zafi ya kai tsakiya, mutane sun fara zuwa da irin buƙatarta. Akwai samarin da za su bi mota zuwa Libiya ko Aljeriya, suna tsoron salula ta ɓata a hanya ko a karɓe ta. Akwai masu shirin sayar da salular don su sayi hatsi. Wani Ba'abzine mai fataucin gishirin Fachi ya kawo raƙumansa, wata mata daga duwatsun Iferwan ta kawo awakinta da lambun mahaifinta lokacin da rijiyar ke da ruwa. Kowa na buɗe masa dosiye da sunansa. Ban taɓa zama na yanke shawarar cewa zan yi wannan aiki ba, ta farko ce ban iya ce mata a'a ba, na biyu kuma ya zo ya ce ai na yi wa ta farko.

Telan ya samu abin tsokana. Da safe in ina buɗe rumfa sai ya ce, "Sannu da zuwa, sarkin shanu. Duk Agadas babu mai garke kamar naka, amma ko nonon da za mu zuba a shayi ba ka kawo mana."

Wata rana da hantsi wasu sojoji biyu masu sintiri suka tsaya a gabana. Rikicin ƴan tawaye a duwatsu bai daɗe da lafawa ba, kuma an san wasu bidiyoyi na lokacin suna yawo a katunan mutane, don haka masu irin sana'ata ana ɗan sa mana ido. Babban cikinsu ya gaishe ni, ya ce, "Bon, malam, buɗe mini in ga abin da kake raba wa jama'a."

Na ce, "Bismilla, shef."

Ya duba waƙoƙi da finafinai bai tsaya ba. Da ya iso jerin dosiyoyi masu sunayen mutane sai ya ɗaga kai ya dube ni. "Waɗannan su wane ne?"

"Masu ajiya ne, shef."

"Ajiyar me?"

Na buɗe masa ɗaya. Shanu ne ke shan ruwa a komi. Ya ce in buɗe wani, raƙuma. Wani kuma, tumaki cikin ƙura da yamma. Na ba shi labari a taƙaice. Ya jingine bindigarsa a jikin tebur, ya zauna a kan benci ya ci gaba da kallo har abokinsa ya fara duba agogo. Can ya ce nasu ma haka, mahaifinsa yana wajen Tanut, wancan watan aka kira shi aka ce bijimin gidan ya kwanta bai tashi ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar hotonsa. Ya ciro katinsa ya ce in sa masa karatu, ya ɗauki bindigarsa suka wuce. Bayan nan ko ya biyo ta kasuwa hannu kawai yake ɗaga mini.

Injin yana da wani ɗan layi da ke nuna yadda rumbun ya cika. Da shuɗi ne, sai na wayi gari ya koma ja. Injin ya yi nauyi, in na danna abu sai na zuba shayi na kurɓa kafin ya buɗe. Giga tamanin ɗin da nake ganin ba su da iyaka sun zo ƙarshe, ga mutane ba su daina zuwa ba. Na fara da share waƙoƙin da na ga sun shiga sau biyu, da kokawar da ba a tambaya. Sannan wani abokin sana'a ya ba ni wata dabara ta yanke bidiyo. Yawancin masu ɗauka ba gwanaye ba ne, za ka ga rabin bidiyo sama ce kawai ko cikin aljihu. Duk wanda ya zo sai in nuna masa wurin, in ya yarda in yanke, a samu ɗan fili. Kusan kowa yarda yake yi.

A dosiyen Inna akwai guda ɗaya da ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Farkonsa shanu ne a bakin rijiya, daga nan sai yaron ya sauke hannu ya manta bai kashe ba. Abin da ake gani har ƙarshe yashi ne jiƙaƙƙe, da bakin takalminsa, da igiyar guga tana ja da baya. Da ta zo na kai wurin na tsayar.

Na ce, "Inna, wuri ya yi mana kaɗan. Kin ga daga nan babu saniya ko ɗaya, ƙasa ce kawai. In yanke wannan in bar miki na shanun?"

Ta ce, "A'a."

Ban taɓa jin ta amsa magana da sauri haka ba. Na ce, "Shanun ba za su taɓu ba, Inna, wannan wutsiyar kawai..."

"Ɗana, bar shi yadda yake." Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "In wuri ne babu, cire hotunan. Wannan ka bar shi."

Na ce to. Ta sa ekutar ta kalli abinta kamar kullum ta tafi.

Ni ban taɓa jin sautin bidiyoyin nan ba, don kullum a kunnenta yake. Da kasuwa ta yi sanyi bayan azahar sai na sa ekutar ɗin na kunna wurin. Ƙarar icen rijiya ce da farko, da ruwa yana zuba a komi. Sai muryar wani dattijo tana kiran shanu, kira mai tsawo irin nasu, yana saukar da shi a hankali kamar mai rarrashi. Ya ɗan rera wani abu a maƙogwaro, ya yi tari, ya yi dariya. Fillancina kaɗan ne, amma na gane abin da ya ce wa ɗansa: ya ajiye wannan abin wasan ya zo ya kama igiya. Daga nesa wata mace ta ba shi amsa, ya sake yin dariya. Muryar Inna ce.

Sai a lokacin na tuna cewa duk sanda aka iso wannan wuri takan janye daga gilashin ta sunkuyar da kai, ni kuwa ina ɗauka gajiya ce ko jiran shanu su dawo. A al'adarsu mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta nuna kewarsa a gaban mutane, balle a gaban wanda ya girma a gaban idonta. Shanu kuwa kowa na iya zuwa ya ce ya zo ganin shanunsa. Ban taɓa nuna mata na ji ba. Daga ranar, in ta zauna, nakan tashi in shiga wajen telan mu yi hira har ta gama.

Amma wurin dai babu shi. Abin da ya rage mai girma a injin shi ne finafinan Indiya, kuma su ne abincina, don su ƴanmata da masu shagon kallo ke zuwa nema. Na kai maganar gida. Matata tana cikin masu son finafinan nan, wasu ta kalle su har ta haddace waƙoƙin. Tana dama fura na gaya mata komai, har da abin da na ji a ekutar. Da ta gama ta miƙo mini ludayi.

Ta ce, "Finafinan nan in ka share su, sun ƙare a duniya?"

Na ce, "A'a. Suna Kano, suna Damagaram, suna ma wajen mai rumfar bakin tasha."

"To shanun fa?"

"Su wajena kawai suke."

Ta ce, "To me kake tambayata? Amma ka bar mini guda biyu, zan faɗa maka waɗanne."

Na share su washegari, ban da biyun nan. Layin ya koma shuɗi. Masu neman fim suka koma bakin tasha, wasu ba su sake dawowa ba, kuma mun ji a tukunya a wannan bazara. Ba mu kwana da yunwa ba, amma nama ya yi nisa da gidan.

Da ruwa ya tashi zuwa sai ya zo da ƙarfi. Mun yi murna a gari, amma a daji dabbobin da suka jure fari ba su da ƙarfin jure sanyi da laka, da yawa a ruwan farko suka faɗi. Aka sake kawo mini wasu katunan. A tsakiyar wannan ne injin ya fara wani ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa ƙwarya da farce. Na san wannan ƙara, na taɓa jin sa a biron da na yi koyo kafin wani diski ya mutu da aikin shekara guda a cikinsa. Zafin rumfa da yawan ɗauke wuta sun gajiyar da shi. Na daina kunna shi sai dole, har Inna na ce mata injin ba shi da lafiya, ta ɗan ba shi kwanaki. Ta ce Allah ya ba shi sauƙi, kamar mutum.

Ina da aboki direban babbar mota mai zuwa Libiya. Na roƙe shi ya nemo mini diski na waje, wanda ake haɗawa da waya, na ba shi salulata mai kyau ya sayar a can ya cika kuɗin. Ya daɗe bai dawo ba, ni kuma kullum in na kunna injin sai na yi bisimilla. Ranar da ya kawo, na buɗe kwalin na tsaya ina juya abin. Bai fi tafin hannuna ba, amma giga ɗari biyar ne. Telan ya karɓa ya auna nauyinsa a hannu ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai haɗiye injinka sau shida? Ƙarya dai ba ta da wuya a wajen Turawa."

Na fara kwafa da hantsi, dosiyen Inna na sa farko. Bai kai rabin sauran ba aka ɗauke kuran. Telan ya sa takalmi ya fita, sai ga shi da mai walda na bayan layinmu sun turo gurup, wato janareta, a baro. Muka tayar da shi, hayaƙi ya cika rumfa. Tsohon diskin yana ƙas, ƙas, yana tsayawa yana ci gaba, telan yana yi masa fifita da kwali. Mai goro da mai gyaran rediyo suka zo suka zauna, aka ɗora shayi, kowa idonsa a kan ɗan koren layin da ke rarrafe. Da la'asar ya kai ƙarshe.

Ba duka suka tsira ba. Dosiyoyi kaɗan sun ƙi buɗewa, cikinsu har da rabin na mai gishirin Fachi. Da ya dawo gari na faɗa masa. Ya kalli waɗanda suka rage, ya ce farin amalen da ya fi so ba ya ciki. Ya daɗe zaune, sannan ya ce Allah bai nufa ba, ya yi mini godiya a kan sauran. Na Inna kuwa komai ya wuce lafiya. Tsohon diskin bai ƙara wata guda ba ya yi shiru.

Sojoji suka shirya zaɓe suka koma bariki, damuna biyu suka yi kyau a jere. Ɗan Inna ya dawo da ɗan abin da ya samu, ya sayi awaki, aka kuma maido musu maraƙar nan daga kudu, ta zama saniya har da ɗa a gindinta. Inna ta koma daji. Zuwanta ya ragu, sai in an shigo sallah ko asibiti. Wata shekara ɗan nata ya zo shi kaɗai da sabuwar salula irin ta shafawa, ya ce idon Inna ya yi rauni, tafiya gari tana yi mata wuya, ta ce a kai mata ajiyarta. Katin da ke cikin salularsa ya ninka na da sau da yawa. Ina cikin tambayarsa mutanen gida komai ya shige. Daga baya ya gaya mini ta koyi inda ake dannawa da kanta, a ƙarƙashin matashinta take ajiye salular, har sai da ya haƙura ya sayi wata. Ta yi shekaru bayan haka kafin ta rasu, a rugarta.

Sana'ar zuba waƙa ta mutu da zuwan rezo mai ƙarfi, wato intanet a salula, kowa na saukar da abinsa da kansa. Yanzu gyaran salula nake yi, ina sayar da katuna. Ƙaramin da ke cikin gilashin shagona ya fi tsohon injina ɗauka, ana kuma maganar tera kamar yadda muke maganar giga. Duk da haka kullum sai an zo an ce mini salula ta cika. In na duba, dubban hotuna ne da gaisuwar Juma'a da bidiyoyin da aka turo, mai su bai buɗe rabinsu ba.

Jaririyar nan tamu ta girma, tana karatun odinatar a Yamai. Hutun da ya wuce tana neman wani abu a akwatin ƙarfe na ɗakina ta ci karo da diskin, naɗe a tsohon rawani. Na ba ta labarinsa. Yawancin masu ajiya sun zo sun karɓi nasu, amma akwai waɗanda ba su dawo ba, musamman cikin samarin da suka bi hanyar arewa.

Ta ce, "Baba, irin wannan in ya daɗe a kwance mutuwa yake yi. Bari in kwafe shi a kati, in kuma tura shi sama."

Na ce, "Wace sama?"

Ta yi dariya ta ce suna ne kawai. Wasu manyan gidaje ne a ƙasashe masu nisa, cike da diskoki jere-jere, ana sanyaya su dare da rana, mutum yana ajiya a can ya ɗauko daga ko'ina. Na tambaye ta wa ke biyan kuran ɗinsu, kuma ranar da aka yanke rezo ko masu gidan suka rufe, wajen wa zan je. Ta ce shi ya sa ba a ajiya wuri ɗaya. Ta ce malamansu sun gaya musu ana gwada rubuta bayanai a cikin gilashi, wanda zafi da ruwa ba sa yi wa komai, kuma nan gaba abin da za a riƙe da yatsa biyu zai iya ɗaukar abin da ke cikin salulolin garin nan duka.

Na jawo aljihun tebur na ciro mata wani disket da ya rage mini, na ce takardar neman aikina ta farko tana ciki lafiya lau, ta nemo mini injin da zai buɗe shi a Agadas. Ta juya shi gaba da baya, ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Ta ce gaskiya ne, kowane zamani sai an samu wanda zai kwashe daga tsohon ya zuba a sabo, in ba haka ba girman wurin ba ya hana ɓata.

Ta haɗa diskin da nata injin a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kara. Ya ɗan yi gurnani ya tashi. Kwafar duka ba ta kai tafasar shayi ba. Sai ta buɗe ɗaya daga cikin waɗanda ba a zo karɓa ba, don ta tabbatar ya shiga. Wani saurayi ne yana wanke farar akuya a bakin kori, irin rafin nan namu, akuyar na fizgewa, wasu na yi masa dariya a bayan salula.

Ta ce, "Wannan wane ne, Baba?"

Sunan da ke kan dosiyen bai tuna mini komai ba, amma fuskar na gane ta. Na ce daga wajen Adarbisnat yake, dogo ne mai in'ina, ya ce mini in ya dawo daga Aljeriya zai yi aure. Ta ce in dakata, ta rubuta haka a jikin dosiyen, wai ko wani nasa zai zo wata rana. Ta buɗe na gaba. Uwarta ta kira mu daga madafa ta ce shinkafa na hucewa, yarinyar ta amsa da "ga mu nan", ta matsa mini tabarma ta ce in duba wannan ma ko zan gane shi.